Kunnuwan Jaki a Babur ɗin Don Florindo

Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma matata Zulema ba ta ɓoye wa kowa wannan. Shekara talatin ke nan ina gyaran babura a bakin titin garinmu, a tsakiyar Patagoniya, na kuma kori mutane da dama daga garejina kan abubuwan da yau ko tuna su ba na yi. Amma fushin da na yi da Don Florindo Painefil a watan Afrilun bara, shi kam har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni.

Don Florindo makiyayi ne a babbar gonar tumakin da ke yamma da mu. Shekararsa arba'in da ɗaya a puesto guda, ɗan ɗakin kwano a can ƙarshen gona, kilomita sittin daga gari. Tun da matarsa ta rasu, daga shi sai karensa Corbata. Aikinsa ya bi shingen waya ya ɗaure inda ya tsinke, ya duba tumaki, ya fasa ƙanƙarar da ta rufe musu ruwa. Da can a kan doki yake yi. Da ƙugunsa ya daina yarda da sirdi, gona ta ba shi ƙaramin babur, ni na koya masa hawa, ya yi wata guda yana yi wa babur ɗin tsawa in yana so ya tsaya.

Kowace shekara a watan Mayu, kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya, manajan gona Oyarzo yakan hau nasa babur ya zagaya shinge tare da kowane makiyayi, yini guda cur. A ranar yake yanke wanda zai yi hunturu a puestonsa da wanda za a sauko da shi gari. Wanda aka sauko da shi kuwa bai taɓa komawa ba. Don Florindo yana da shekara saba'in da uku, 'yarsa ta daɗe da share masa ɗaki a bayan gidanta a birnin Comodoro, ɗakin da tagarsa ke kallon bangon maƙwabta. Sau ɗaya ya kwana a ciki, ya dawo ya ce mini ko tunkiya ba zai ɗaure a wurin ba. Duk garin nan an san abin da yake tsoro, ba kuma wanda ya taɓa furta shi a gabansa.

Ranar da ya zo, iskar yamma tana ta kaɗa kwanon gareji kamar kullum. Akwai direbobin manyan motoci biyu da ke jiran walda, muna zaune kusa da murhu, ina zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke tsotsa da ɗan bututun ƙarfe, ina miƙa wa kowa bi da bi. Sai ga shi ya tsaya a ƙofa, Corbata a zaune kan buzu a saman tanki. Ya sauka a hankali, ya shigo da hannuwansa a cikin bargon da ya yafa.

"Remigio, ɗana, abin tare iska nake so ka sa mini a gaban babur," in ji shi. "Ba don ni ba. Corbata ne ya tsufa, idonsa ke zubar ruwa in muna tafiya."

Ɗaya direban ya ce to a haɗa wa karen da tabarau da hular kwano mana. Don Florindo ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ai kuwa karen ya cancanci hula, don akwai abin adanawa a cikin kansa, wasu kuwa asarar hula ce kawai. Muka yi dariya har da shi direban. Na cika ƙoƙo na miƙa masa.

"Na gode," ya ce. Ko hannu bai fito da shi ba.

Nan dariyata ta tsaya. A wajenmu yaro ma ya san ba a cewa na gode sai an sha an ƙoshi. Wanda ya faɗe ta tun zagayen farko, ƙoƙo bai ma taɓa hannunsa ba, ya gaya maka ne ba ya shan abin hannunka. Mutumin nan shekara talatin muna shan mate a ƙoƙo ɗaya, shi ya riƙe mini 'yata ranar da aka yi mata baftisma, yau kuma a gaban baƙi zai maido mini da hannuna. Direbobin suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu. Wata zuciyar ta ce in tambaye shi ko na yi masa laifi, wata ta ce in ba ya shan abin hannuna, to aikin hannuna ma iya abin da bakinsa ya faɗa zai samu. Ta biyun na bi, kamar yadda na saba.

Ina da guntun gilashin roba mai kauri daga tagar wata tsohuwar bas. Na auna tsayin kan karen daga tanki, na yanka da zarto, na goge baki da magagari, na lanƙwasa ƙarfe biyu na ɗaure a kan fitila. Na yi shi gajere kuma siriri, don iskarmu ta gefe take bugu, babban gilashi kuwa sai ya ɗauke ka da babur ɗin. Baƙin da ke wucewa da manyan babura da gilasai kamar ƙofar shago, mun sha tsamo su daga ramin gefen titi. Aikin ya yi kyau, ba na ha'inci ko da fushi nake. Amma duk tsawon lokacin ban ce masa uffan ba, shi kuma yana tsaye a kaina kamar mai sauran magana. Da na gama ya dubi gilashin, ya dubi hannuwan babur ɗin, ya tambaye ni ko shi ke nan.

Na ce, "Na kare ka ce. Ga na kare nan."

Ya gyaɗa kai, ya tura babur ɗinsa waje. Ban raka shi ba.

Da rana na shiga gida cin abinci ina ta ba Zulema labarin wulakancin da aka yi mini. Ta bar ni na zazzage tas, sannan ta ajiye mini kwano da ƙarfi.

"Remigio, ka ga hannunsa?"

Na ce ina ruwana da hannunsa.

"Shi ne dai ba ka gani ba. Jaki ma ya fi ka lura."

Ashe ta tagar kicin ta kalli tafiyarsa. Sai da ya kai babur bayan katanga, inda yake zaton ba mai ganinsa, sannan ya fito da hannuwa. Da haƙori ya ja safar hannu. Kuloci kuwa da wuyan hannu ya maƙalo shi, don yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Ta ce mutumin da ya yi kilomita sittin iska tana dukan yatsun da sanyin ƙashi ya riga ya cinye, da me zai riƙe ƙoƙo? Da ya karɓa, da ya zubar da shi a gaban direbobi biyu, kafin yamma labari ya kai kunnen Oyarzo. Gara masa in yi fushi da shi da a ga haka.

Na ajiye cokali. Ni ɗan ƙasar nan ne, ubana ma da zai mutu cewa ya yi a kira likita don uwata tana tari. Na san namiji a wajenmu ba ya roƙa wa kansa komai, sai ya rataya bukatarsa a wuyan doki, ko kare, ko matarsa, kai kuma mai ji aikinka ne ka gane. Tsohon nan ya zo ya roƙe ni iyakar yadda ya iya roƙo, ni kuma na tsaya ina auna kan kare. Abincin nan ban iya ƙarasa shi ba.

Ranar Lahadi na loda kaya a a-kori-kurata na kama hanyar yamma. Na ɗauki jarkokin baƙin mai guda biyu da na wanke da fetur, da ƙarafa, da notuna, da fatar ɗan rago da Zulema ta yanka ta ɗinke baki. Awa biyu na yi, don ƙofofin waya bakwai ne a hanya, kowacce sai ka sauka ka rungumi sanda ka matse kafin zoben ya fita. A kowace ƙofa sai na tuna hannunsa.

Na same shi a ƙofar ɗaki. Na ce masa noti ɗaya na manta ban ɗaure ba, abin ya dame ni. Ya ce haka yaran zamani suke aiki, alhali shekarata hamsin da shida. Muka shiga ciki, ya nuna mini buta da haɓa ya ce in zuba da kaina, tunda ni ne ƙarami. Na cika ƙoƙon, amma ban miƙa masa ba. Na ajiye a kan tebur kusa da gwiwar hannunsa, na tashi na je taga ina duba ko hadari ne ke haɗuwa a kan duwatsu. Na daɗe ina duba hadarin nan, har sai da na ji ƙarar bututun ya zuƙe ruwan ƙarshe.

Daga nan na shirya masa ƙaryar da na yi ta bita a hanya. Na ce gilashin shi kaɗai ba ya wadatarwa, iska takan zagayo ta gefe ta shiga kunnen Corbata, dole sai an ƙara masa fukafukai biyu a kan hannuwan babur. Ya dubi karen.

"In don kare ne, sa," in ji shi.

Na yanka kowace jarka a karkace, yadda hannu zai shiga ta baya, gabanta ya rufe birki da kuloci. Na huda gefe na ɗaure a ƙarshen hannun babur, na ɗaure ɗaya gefen a gindin madubi. Inda masu koyo ke kuskure shi ne su bar robar haka nan, sai iska ta danno ta ta taɓa birki kana cikin tafiya. Saboda haka na sa sandar ƙarfe a ciki ta tokare ta. Na huda ƙaramin rami a ƙasa don ruwa ya tsiyaye, na liƙa fatar ragon ulu yana ciki. Tunda na riga na buɗe akwati, na zare wayar kuloci na sa mata mai, na ƙara wa hannun kulocin tsayi don ya yi laushi. Wannan ban nemo masa ƙarya ba, shi ma bai tambaya ba. Da na gama na ja da baya na duba, jarkoki biyu jajaye sun miƙe a gefe da gefe. Gaskiya ba kyau, sai ka ce an dasa wa babur kunnuwan jaki.

Ya hau, kare ya yi tsalle ya zauna a wurinsa, suka bi shinge suka ɓace a bayan tudu. Na zauna na cinye soyayyar gurasar da na tarar a kwanonsa. Bayan awa ɗaya na hango su. A ƙofar shingen da ke kusa da ɗaki ya tsaya, ya zare hannu daga cikin jarka, ya kama zoben waya da yatsunsa ya cire. A hankali ya yi, amma da yatsu ya yi. Na yi murna har na rasa inda zan sa fuskata.

Ya ce Corbata ya ce a gaya mini ya ji daɗi. Ya shafa fatar ragon da bayan hannu, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ce ranar tara ga Mayu in zo in cire su, don ranar goma Oyarzo zai zo.

Na ɗauka wasa yake. Ya ce Oyarzo ba yaro ba ne. Duk faɗin gonar nan ba namijin da ya taɓa ɓoye hannunsa a cikin jarka, wanda ya fara kuwa ya yi shelar kansa da kansa. Ya tuna mini da Don Hilario, wanda aka sauko da shi shekara biyu da suka wuce don kawai an ga ya ajiye kututture a ƙofar ɗaki yana takawa ya hau doki. Nan halina ya motsa. Na ce awa bakwai za su yi a kan babur, akwai gangaren tafki inda in birki bai kamu ba sai dai a tsince shi a ƙasa. Na ce wannan ba jarumta ba ce, taurin kai ne. Ya bar ni na yi ta faɗa, sannan ya tambaye ni babur ɗin nasa ne ko nawa. Na kwashe kayana na tafi ko sallama ban yi ba.

A ƙofa ta huɗu wani garke ya tare mini hanya, na tsaya ina jira su wuce. Dukkansu da tambarin gona na jan fenti a gadon baya. Na zauna ina kallonsu, fushi yana sauka. Da tunkiya ɗaya ce aka shafa wa fentin nan, tun daga nesa za a nuna ta. Da yake duka aka shafa, ba wadda idona ya tsaya a kanta. Kafin in kai gida na riga na ƙirga baburan da ke gonar da na gari. Goma sha shida ne, kwana kuma ashirin da biyu ya rage.

Jarkoki ba su yi wuya ba, masu gyaran titi suna da tsibinsu a bayan sansaninsu. Zulema ta karɓo fatu a wurin mahauci, ta mayar da teburin cin abinci teburin ɗinki. Mutanen ne wuya. Ma'aikaciyar jinya ta karɓa da murna, ɗan sanda ya karɓa don kyauta ce. Samarin gona kuwa dariya suka yi mini. Wani ya ce shi ba tsohuwa ba ce mai zuwa coci, wani ya ce in na gama da kunnuwan in sa wa babur ɗinsa wutsiya. Na kusa jifansa da sifana.

Sai na je wurin Barria, mai horar da dawakin gona. Ƙato ne, haƙarƙarinsa ya karye sau huɗu bai taɓa kwanciya ba, a tsakiyar hunturu ma hannu tsirara yake tuƙi. Samarin nan ko tofar da yawu irin nasa suke yi. Na nuna masa jarkokin, ya ce in bar ɓata masa lokaci. Ba zan iya gaya masa dalili ba, don ba sirrina ba ne. Abin da na ce kawai shi ne Don Florindo ya sa irinsu, saboda karensa. Barria ya daina goge linzamin da ke hannunsa. Ya dubi yamma, ya dube ni.

"Ni ma ina da kare," ya ce. "Sa."

Ba shi da kare, kowa ya sani. Kwana uku bayan nan samarin suka fara layi a ƙofar gareji, kowa yana zaɓen launin jarka, ana gardamar ja ya fi shuɗi. Wasu sun gane, wasu yayi kawai suke bi. Ba wanda ya ambaci sunan tsohon, aka bar kaza cikin gashinta. Na aika masa da saƙo ta mai kai kayan abinci cewa ba zan zo ranar tara ba, in yana so a cire ya cire da kansa, amma ya sani duk gona ta zama garken jakuna. Bai aiko da amsa ba.

Na ƙarshe shi ne babur ɗin Oyarzo, wanda yakan kawo a canza masa mai kafin zagaye. Na canza man, na sa masa kunnuwa baƙaƙe ba tare da na tambaye shi ba. Da ya zo ɗauka ya zagaya babur ɗin sau ɗaya, ya tambaye ni mene ne wannan. Na ce yayi ne, bana kowa shi yake sawa. Ya sa hannu a ciki ya taɓa ulun, ya dube ni kallon da ban so ba, ya hau ya tafi.

Ya kamata in yi wa Oyarzo adalci. Ba mugu ba ne. Ɗan mai askin tumaki ne, a gonar ya tashi. Shekararsa ta farko a manaja, shi ya tsinci wani makiyayi a daskare a gindin shinge bayan kwana goma sha ɗaya, shi ya ɗauko shi, shi ya je ya gaya wa 'ya'yansa. Tun daga nan yake wannan zagayen na watan Mayu.

Ranar sha ɗaya ga wata da safe ya shigo gareji, ya zauna kusa da murhu ba tare da na ce ya zauna ba. Ya ce jiya ne karon farko da ya gama zagaye yana jin yatsunsa. Ya ce tsohon bai tsallake waya ko ɗaya da ta saki ba, wasu ma shi Oyarzo bai gan su ba sai da aka nuna masa. Gangaren tafki sun sauka lafiya. Ƙofofi duka tsohon ne ya buɗe, bai yarda a taya shi ba, amma daga ta biyar zuwa sama da damtse yake matse sandar, yana ɗaukar lokaci. Ya ce shi kuma a daidai lokacin yakan sami abin dubawa a tayar babur ɗinsa.

Na goge hannu da tsumma.

"Jarka talatin da biyu, Remigio," ya ce. "Na ƙirga. Ban taɓa ganin an yi wa mutum irin wannan ba, kuma ba zan so in zama wanda ya ɓata ba. Amma kai ka ga hannun nan kusa, ni daga nesa na gani. In babur ya kayar da shi a watan Yuli, ba kowa sai kare, zai iya ɗaga shi? In ka ce zai iya, na bar shi."

Duk wahalar da na sha ta sati uku, ban taɓa tunanin a kaina maganar za ta ƙare ba. Na san nauyin babur ɗin, ni nake ɗora shi a kan benci. Na san hannun. In na ce ba zai iya ba, gobe mota za ta je ta ɗauko shi da akwatinsa, ya ƙare kwanansa yana kallon bangon maƙwabta, kuma bakina ne ya kai shi. In na ce zai iya, wataƙila wata rana ni zan tsaya a gaban 'yarsa. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Na tambayi kaina wanne shi zai zaɓa da yana tsaye a wurin, amsar kuwa ba ta da wuya.

Na ce, "Zai iya."

Oyarzo ya miƙe, ya sa hularsa. Ya ce to ya ji, ya fita.

Hunturun bara kowa ya san yadda ya yi. Hanyar yamma ta rufe a tsakiyar Yuni. Sau ɗaya tarakta ta fasa ta kai masa fulawa da ganyen mate a watan Yuli, direban ya dawo ya ce tsohon yana nan, har ya zage shi kan ya makara. Daga nan ba labari. Na yi ta faɗa da mutane a watannin nan ba gaira ba dalili, na kori wani kan ya jingina babur a inda kowa ke jinginawa. Zulema ta san abin da ke cina, ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Kullum in na buɗe gareji sai na tsaya na dubi duwatsun yamma, duk da ba abin da ake gani daga nan.

Ranar takwas ga Satumba motar gona ta tsaya a ƙofata. Don Florindo ne a gidan gaba kusa da direba, da farar rigarsa ta zuwa gari, Corbata a ƙafarsa. A baya akwai akwati ɗaya da katifa a naɗe. Ya rame, kuncinsa ya faɗa, amma da ƙafarsa ya sauko. Ban san lokacin da na rungume shi ba, ya ce in sake shi, shi ba amarya ba ce.

Na tambaye shi ina babur. Ya ce kunnuwan jakina sun yi aiki, har tsakiyar Agusta yana zagaye. Sau uku babur ya kayar da shi. Na farko ya ɗaga shi da sandar shinge. Na biyu ya ɗaura masa waya ya yi ta ja da abin jan shinge, rabin yini kafin ya miƙe. Na uku a gangaren tafki ne, yana can kwance har yanzu. Sauran sati ukun da ƙafa ya bi shingen, kowace rana yanki guda. Tumaki tara kawai ya rasa, duk gonar ba wanda ya kai shi.

Na dubi akwatin da ke bayan mota. Na tambaye shi ko Oyarzo ne ya ce ya sauko.

"Bai ce ba. Cewa ma ya yi in ƙara shekara. Ni na je ofishinsa na ajiye masa makulli." Ya gyara hularsa. "Ba sauko da ni aka yi ba, ɗana. Ni na sauko."

Direba ya danna hon, don motar Comodoro ba ta jira. Ya juya zai shiga, sai ya tsaya da hannu ɗaya a kan ƙofa.

"In ka je ɗauko babur ɗin, ka duba ƙofa ta uku. Zobenta ya saki, tumaki za su fita. Na gwada, ban iya ɗaurewa ba."

Ya faɗa yana kallona ido cikin ido, a gaban direba, bai rage murya ba. Na ce masa gobe da sassafe zan je in ɗaure.